Rigar da Ba a Zo Karɓa Ba

Litinin, da hantsi

Mama ba ta ɗauki waya ba. Na kira har wayar ta yi zafi a hannuna.

Bari in rubuta yadda abin ya faru tun kafin Auta ta gyara labarin ya koma laifina ni kaɗai. Shekaranjiya muka je kwashe shagon marigayi Baba. An sayar da ginin gaba ɗaya, sabon mai shi ya ce kowa ya tashi kafin ƙarshen wata: mai gyaran waya, mai aski, da mu masu wanki da guga, har da ɗakuna biyun da ke bayan shagon inda aka haife mu. Mun shirya Mama za ta dawo gidana. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin yarda.

Muna cikin ɗaure tarin hanga sai ga Auta, ƙanwata, sarkin rawar kai, da shayi a fulas. Duk kofunan duniya ba ta ga wanda za ta ɗauko ba sai wanda muka buga wa masu sauraronmu, mai tambarin shirinmu a jiki. Ta cika shi ta miƙa wa Mama.

Mama ta san muna yin "rediyo a waya", iyakar saninta ke nan, ni kuma ban taɓa ƙara mata bayani ba. Ta juya kofin a hannunta. Zanen hangar rataye kaya mai lanƙwasasshiyar kafaɗa, farar shat, jan ɗinki uku a cikin wuyan rigar, a ƙasa an rubuta Ba a Zo Karɓa Ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙusar da ke saman teburin guga, inda ta ainihin take rataye a cikin leda, rigar Yaya, babban wanmu.

Ta ce, "Me kuke faɗa a rediyon nan naku?"

Auta ta ce, "Labarin mutanen da aka kashe ne, Mama, da yadda aka yi bincike, da…" Na take mata ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Mama ta ce, "To. Ashe kun gama da shi. Kun sa shi cikin matattu ba ku gaya min ba."

Ta ajiye shayin ba ta kurɓa ba, ta taka kujera da kanta ta sauke rigar, ta shiga ɗaki ta rufe. Ta cikin ƙofa ta ce mu kwance abin da muka ɗaure, ba inda za ta.

Talata, da safe

Mama ba ta ɗauki waya ba.

Laraba, da rana

Situdiyo. Wai situdiyo, ɗakin ajiyar kaya ne a gidana da muka manna wa katifu a bango. Yau ya kamata mu naɗi kashi na musamman da muka yi wa masu sauraro alkawari, na amsa tambayoyinsu. Injiniya, wanda ke haɗa mana sauti, ya jera tambayoyin, kuma wadda ta fi yawa ita ce wadda ba na so: mene ne ma'anar sunan shirin da tambarinsa?

Mutane fa akwai ƙirƙira. Wani ya ce jan ɗinkin nan uku ɗigon jini ne. Wata ta ce mu uku ne, ni da Auta da Injiniya, har Injiniya ya fara gyara zama. Wani bawan Allah ya rubuto doguwar takarda yana bayanin cewa alamar wata ƙungiyar asiri ce, ya gano mu. Da wani makon ne da na yi dariya har na ƙware.

A kashinmu na farko na riga na ba da amsa. Na ce mahaifinmu mai wanki da guga ne, kuma a kowane irin shagon nan akwai kayan da aka kawo ba a dawo an karɓa ba. Na ce duk wanda aka raba da ransa ba shiri, ya bar wani abu a wani wuri yana jiransa: takalmi a wurin mai gyara, agogo a hannun mai sa batir, riga a kan hanga. Mutane suka ce maganar ta taɓa su. Ba ƙarya na yi ba. Ban dai ce rigar wa ce ba.

Auta ta ce, "Anti, mu faɗa kawai. Mun shiga gidajen mutane nawa mun sa uwayensu kuka a gaban makirufo? Namu ne ya fi ƙarfin a faɗa?"

Na ce, "Ke kam ki rufe min baki, kofinki ne ya jawo mana."

Ta ce, "Kofina, amma zanenki."

Na ce in dai Mama za ta buɗe ƙofa ta biyo ni, zan canza sunan, in canza tambarin, in fasa kofunan ɗaya bayan ɗaya. Auta ta ce in na canza, in nemi wata abokiyar gabatarwa. Injiniya ya naɗe wayoyinsa a hankali ya ce ya tuna yana da wani uzuri. Ba mu naɗi komai ba.

Alhamis, da yamma

Na wuce ta layinmu ban tsaya ba. Mai gyaran waya ya riga ya tashi, an cire allonsa, sai inuwar inda yake a bango.

Tun ɗazu ƙanshin shagon nake ji a hancina, ni da ke zaune a falo. Sitaci, bula, gawayi, da wannan ɗumin da ke tashi daga yadi in dutsen guga ya hau shi. Baba ya daɗe bai yarda da dutse na lantarki ba, ya ce ba shi da nauyin da zai sa riga ta ji magana. Zai guntsi ruwa ya fesa a kan riga, feshin ya fita daidai kamar an auna, mu kuma mu koma bayan shago mu gwada, mu jiƙa junanmu, mu sha faɗa.

Bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Kowane gida da alamarsa ta zare a cikin wuyan riga ko ƙugun wando, inda ba a gani. Gidan likita baƙin ɗinki biyu. Malamin makaranta kore ɗaya da ƙulli. Akwai wani direba da Baba ya yi wa ruwan ɗorawa, wai don mutumin ya cika surutu, launin ma ya yi ta ihu. Ni ce mai zura masa zare a allura tun idonsa bai fara gajiya ba, don kawai in zauna kusa in ji hirar kwastomomi. Duk abin da na ji da rana sai na maimaita shi a wurin cin abinci, da muryar mai shi. Shi ya sa ya sa min Aku. Yaya kuwa shi ke kai kaya gidaje a babur, in ya ga dama ya ɗora ni a kan ƙullin kayan a baya, ina riƙe da rigarsa ina ihu yana ƙara wuta.

Kayan gidanmu ba a yi musu alama. Baba ya ce wanda bai san rigar ɗansa ba ya bar sana'ar.

Ina kewar su. Su duka, har da Mama da ke nan da ranta.

Juma'a, bayan la'asar

Na je. Ta buɗe ƙofa, ta shimfiɗa min darduma, ta kawo min ruwa a kofin gilashin da ake ba baƙi. Ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni hanya, ta ce an gode da ziyara. Da ta yi min wankin babban bargo da na fi jin daɗi.

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Zan cire hoton, zan canza sunan."

Ta ce, "Rediyonku ne."

Na ce, "Mama, wata ya kusa ƙarewa. Mutanen nan rushe ginin za su yi."

Ta ce, "Sai su rushe da ni. In mutum ya dawo, ina zai nufa?"

Ban ga rigar ba. Ƙusar tana nan, tsirara.

Asabar

Auta ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba. Gida uku, waya uku, shiru.

Lahadi, da hantsi

Ba zan rubuta maganar ranar nan ba. Na rigar kawai zan rubuta.

An kira Yaya ganawar neman aiki a wani kamfani, washegari zai je. Ya sayo farar shat, irin mai kwali a wuya da ƙananan allurai, ya shigo shago yana taku kamar shi ya gina layin. Ya ajiye ta a teburi ya ce, "Malam mai guga, yau ni kwastoma ne. A cire min layin ninkin nan, kuma a yi min alama kamar kowa." Baba ya ce kwastoma ba ya cin abincin mai shago. Yaya ya ce shi na musamman ne. Baba yana dariya ya ce in zuro ja, don ba gidan da ke da ja. Ya yi ɗinki uku. Yaya ya ce, "Da yamma zan zo karɓa, kada in tarar ba a gama ba." Ya ɗaure kayan mutane a babur ya tafi.

Babur ɗin dai an kawo mana shi. Mai shi kuwa har yau ba labari.

Sauran kuma benci ne. Bencin wannan ofis, bencin wancan, a ce mu dawo gobe, a ce ana kan bincike. Baba ya yi ta tafiya har takalminsa ya huje. Auta tana goye a lokacin, ba ta san fuskarsa ba sai a hoto, shi ya sa take son a faɗa, ni na sani. Ita labari take nema, ni kuma ina da shi ya yi min yawa.

Hangar ni na lanƙwasa ta, tun kafin ranar, wurin zaro ƙwallo daga kwata. Ita ta zo hannun Baba ya rataye rigar. Duk shekara yana sauke rigar ya wanke ya goge, ya mayar a kan wannan karkatacciyar hangar, ga sababbi nan birjik a shago. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na cika shafi.

Talata, da rana

Na je wurin Mai Zane, ƙawata da ta yi mana tambarin tun farko. Na ce ta fito min da wani sabo. Ta nuna min zanen yatsa, ta nuna min gilashin bincike, ta nuna min wuƙa tana ɗigar da jini. Na ce wuƙar ta kai wa mahauta. Ta ce ai duk shirye-shiryen irin namu haka suke yi, na ce shi ya sa duk ba a bambanta su.

Ta tuna min yadda muka yi da ita a wancan karon. Na zana mata a bayan ambulan, ta je ta gyara, ta miƙe kafaɗar hangar don ta yi kyau. Na sa ta mayar da lanƙwasar. Ta goge ɗinkin ta ce ba a gani in hoton ya ƙanƙance, na sa ta mayar. Ta ce, "Ranar na san rigar nan ta wani ce. Ban tambaya ba don na ga idonki."

Na ɗauka girmama Yaya nake yi. Na ɗauka in ina ba da labarin 'ya'yan wasu, rigarsa tana rataye a saman kowane kashi, to yana tare da mu. Ban taɓa tsayawa na duba a cikin su wa na rataye shi ba. Ni a raina na daɗe da sanin abin da na sani. Mama ba ta san shi ba, kuma ba ta ba kowa izinin ya sani a madadinta ba.

Na zaɓi zanen yatsan. Muni gare shi.

Laraba, da safe

Mama ba ta ɗauki waya ba. Masu rushe ginin sun fara cire kwanon rufi daga shagon ƙarshe.

Alhamis, da yamma

Mai aski ya tare ni a bakin layi yana loda madubansa a mota. Mutumin nan tun ina rarrafe yake maƙwabcinmu, kuma ba ya wuce kashi ɗaya na shirinmu, har gardama yake da kwastomominsa a kan wa ya yi kisan.

Ya ce, "Aku, tsohuwarki fa ta zo shagona jiya. Ta zauna a benci cikin masu jiran aski, kowa ya kama kansa. Ta ce in kunna mata rediyon 'ya'yanta."

Na ce, "Wanne ka kunna mata?"

"Na matar nan da ta yi shekaru tana neman 'yarta. Ta ji shi tun daga farko har ƙarshe. Da ya ƙare sai ta ce, har ina ake jin wannan abin? Na ce Hajiya, duk inda waya ta kai. Na nuna mata saƙonnin mutane, wannan daga wata ƙasa, wannan daga bayan teku. Ta ce hoton ma suna gani? Na ce shi ne ma farkon abin da ake gani."

"Sai ta ce me?"

"Sai ta ce to, ta tashi."

Shi ke nan, ya ƙarasa ni. Da tana ganin a kofi ɗaya muka tona mata ciki, yanzu ta san duniya muka raba wa. Na ce masa ya kyauta, da irin muryar da ta sa ya daina murmushi. Daga baya na ji kunya, mutumin bai yi komai ba sai abin da aka roƙe shi.

Na kira Auta. Ta ɗauka tana cewa, "In faɗa za ki yi min, batirina ya kusa mutuwa." Muka yi kuka tare, kowa a gidansa.

Asabar, da hantsi

Wayata ta yi ƙara. Mama. Ta ce, "Gobe ki zo ki kai ni wurin aikin naku." Ta kashe.

Na share situdiyo sau biyu. Ban san ko zuwa za ta yi ta rufe shi ba.

Lahadi, da yamma

Ta fito da shigarta ta zuwa unguwa, har da turare. Ta hau matakalar gidana tana hutawa a kowane hawa, ta ƙi a riƙe ta. Da ta ga katifu a bango ta ce, "Nan ne? Na zaci wani abin kirki ne." Auta ta yi dariya ta haɗiye.

Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Kai ne mai aikawa?" Ya ce shi ne. Ta ce, "A cikin wanne ake magana?" Ya ce, "Ku zauna nan, Mama," ya gyara mata makirufo, ya rasa yadda zai ɗora abin ji a kan ɗankwalinta, ta karɓa ta sa da kanta, a karkace.

Na zauna a kujerata na fara abin da na saba, jama'a barkanmu da sake haɗuwa, yau muna da baƙuwa ta musamman. Ta ɗaga min hannu.

"Ba da su zan yi magana ba."

Ta matso da bakinta kusa, ta yi gyaran murya, ta kira Yaya da sunan da take kiransa.

"Dogo. Ni ce. In kana ji, ka saurara da kyau, ba zan maimaita ba. Babanka ya rasu bara. Bai sha wahala sosai ba, kuma bai yi fushi da kai ba, ko sau ɗaya. Shagon an sayar, za su rushe shi. Kada ka je can, za ka tarar da wani abu daban ka zaci mun tafi mun bar ka. Ba mu tafi ba. Ina gidan Aku. In ka sauka a babbar tasha ka bi titin asibiti, ka wuce gidan mai, akwai makarantar yara mai shuɗin fenti. Benen da ke bayanta, hawa na biyu, ƙofar hagu. Matakalar da tsayi amma kai ba za ta dame ka ba. Za ka ga wata yarinya mai baki, Auta ce, ta girma, kada ka biye mata. Kayanka suna wurina. In kunya ce ta hana ka, ba wanda zai tambaye ka inda ka je. Ni na hana. Ka dai zo."

Ta ja da baya daga makirufo. Sannan ta juya wajen Injiniya ta ce, "Ya tafi?"

Injiniya ya dube ni. Ni na ce sai an gyara tukuna, jibi zai fita.

Ta cire abin jin ta ajiye. Ta ce, "Hoton nan kada ku taɓa shi. In ya gani zai san namu ne. Sunan ma ku bar shi, ai gaskiya ne." Sannan ta ce in nemo mota gobe, kuma kada a bari masu loda su jefa dutsen gugar Baba kamar kayan bola.

Da Auta ta fita da ita falo, Injiniya ya ce, "Anti, ba ma sa adireshin kowa a shirin nan. Ke kika kafa dokar. Wannan kuma gidanki ne, kin san irin mutanen da muke magana a kansu. In yanke kwatancen?"

Na san yana da gaskiya. Da baƙuwa ce ta yi haka da ni zan fara cewa a yanke.

Na ce ya bar shi.

Alhamis, da rana

Kashin ya fita shekaranjiya, ba gabatarwa, ba kiɗa, muryarta kawai. Saƙonni sun cika waya, ban buɗe ba. Ba wanda ya sake tambayar ma'anar komai.

Mama ta zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Ta ce gidana ba iska, ta ce labulena ya yi duhu, ta ce ban iya ninke zanin gado ba. Mun shirya ke nan.

Ɗazu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai kawo ruwa ne. Ni na riga Mama tashi.